Yadda nake bin sawun ciwon tsokata da hoton maganaɗisu

Ciwon da ke jikina ba ya sauri, kuma rashin saurin nan ne ya fi ba ni wuya wajen sanin inda aka kwana. Yau kamar jiya, jiya kamar shekaranjiya, sai bayan shekara biyu mutum ya lura ya daina rubutu a saman allo, ya koma farawa daga tsakiya, bai kuma san ranar da hakan ya soma ba. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Argungu. Zan bayyana yadda aka riƙa ɗaukar hoton cikin tsokokina lokaci bayan lokaci don a ga inda ciwon ya kai da inda ya dosa, domin na tabbata a Kabi da Zamfara akwai gidajen da irin wannan ciwo yake bi, ba su san sunansa ba, balle su san ana iya ganinsa da ido.

Tun ina yaro ake cewa ina barcin zomo, saboda idanuna ba sa rufewa ruf. Ban taɓa iya yin fito da baki ba. Idan Inna ta sa ni hura wuta, ta gefen baki iskar take zurarewa. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ciwo, tunda mahaifinmu ma, Allah ya jiƙansa, haka yake, kuma ya yi noman shinkafa a fadama har tsufansa, sai dai daga baya ba ya iya ɗora kaya a ka sai an taya shi. Ni kuwa ina shekara ashirin da 'yan kai hannun dama ya fara ƙin wuce kafaɗa. Allon kafaɗata ya turo ta baya har ana ganinsa ta cikin riga. Wajen kabbarar harama hannu a ƙirji yake tsayawa.

Da yake dama ta fi hagu taɓuwa, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu suka ce shan-inna ce ta ɓuya tun ƙuruciya, wasu suka ce sammu. Na sha rubutu, an yi mini ƙaho, mai kemis ya ba ni ƙwayoyin nan masu kumbura fuska. Hoton ƙashi da aka ɗauka a Birnin Kabi ya nuna ƙasusuwana lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, don ba a ƙashi matsalar take ba. Wani likita a can ne ya rubuta mini takarda zuwa sashen jijiyoyi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Likitan da na gani a can bai taɓa wata na'ura ba tukuna. Ya ce in runtse ido da ƙarfi, ya buɗe su da ɗan yatsa ba tare da wahala ba. Ya ce in kumbura kunci, in tura bango da hannu biyu, in yi tafiya a kan dunduniya. Ya kwantar da ni ya ce in ɗaga kai, sai cibiyata ta zame ta yi sama, alamar tsokar ƙasan ciki ta yi rauni. Ya tambayi yadda mahaifina yake barci. Daga nan ya ce zatonsa ciwon da likitoci ke kira FSHD ne, wato lalacewar tsoka ta gado wadda ke farawa daga fuska da allon kafaɗa da damtse, sannan ta gangara ciki da ƙafafu. Wasu likitoci biyu 'yan Faransa, Landouzy da Dejerine, su suka yi cikakken bayaninsa wajen 1884. Tushensa yana kan kuromosom na 4, wato ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke jikin mutum, a wani wuri da wani sashe na ƙwayar gado yake maimaita kansa. Mai lafiya yana da maimaici 11 zuwa sama, mafi yawan masu ciwon kuwa 1 zuwa 10 gare su. Idan wurin ya gajarce haka, sai wata ƙwayar gado mai suna DUX4, wadda ya kamata ta kasance a rufe, ta riƙa buɗewa a cikin tsoka tana kashe ta. Wani ƙiyasi da aka yi a Holan a 2014 ya nuna kusan mutum 1 cikin 8,000 yana ɗauke da shi. An ɗebi jinina aka aika ƙasar waje, bayan watanni sakamako ya dawo ya tabbatar da zatonsa.

Na ce, "Likita, magani fa?"

Ya ce, "Malam, wanda zai tsayar da shi bai samu ba tukuna. Abin da za mu iya shi ne mu san waɗanne tsokoki ya ci, waɗanne yake ci yanzu, waɗanne bai taɓa ba. Da wannan za ka tsara rayuwarka."

Na tambaye shi me ya sa gwajin da ya yi mini da hannu bai isa ba. Amsarsa ta zauna mini, don magana ce ta awo. Likita yana auna ƙarfin gaɓa da maki daga 0 zuwa 5, ya ce ka tura shi ma ya tura. Amma gaɓa ɗaya tsokoki da yawa ke motsa ta. A bayan cinya kaɗai akwai guda uku masu lanƙwasa gwiwa, ɗaya na iya mutuwa ƙurmus sauran su rufa mata asiri, likita ya ba ka maki mai kyau. Ga gajiya, ga azumi, ga zazzaɓin da aka yi makon jiya, duk suna sauya makin. Gwajin jini na sinadarin CK, wanda ke hauhawa sosai a wasu cututtukan tsoka, a wannan ciwo ɗan kaɗan yake tashi, wani lokaci ma ba ya tashi. Sikanin irin na masu ciki yana ganin tsokar da ke kusa da fata, amma ya dogara da hannun mai riƙe da shi. Hoton siti (CT) kuwa yana da tururi irin na hoton ƙashi, wanda ba a son mutum ya yi ta sha a kai a kai. Saura hoton maganaɗisu, wanda ake rubutawa MRI a takardar asibiti. Shi ba ya da wannan tururi, ana iya maimaita shi ba fargaba.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Tsoka mafi yawanta ruwa ce, kuma ruwa da kitse duka suna ɗauke da sinadarin haidurojin. Na'urar wani ƙaton maganaɗisu ce mai rami a tsakiya. Wadda aka sa ni ciki ƙarfinta tesla 1.5, wato ya ninka na maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Idan mutum ya shiga, ƙwayoyin haidurojin na jikinsa sai su daidaita da maganaɗisun, na'urar ta buge su da igiyar rediyo, su kuma su mayar da amsa. Amsar ruwa daban, ta kitse daban, kwamfuta ta tattara ta zana jikin yanka-yanka. A kan wannan aiki aka ba Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila kyautar Nobel a 2003. Irin wannan maganaɗisu sai an sanyaya shi da ruwan hiliyom zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma injin sanyayawar yana bukatar wuta dare da rana. Duk wanda ya san halin lantarkinmu zai gane dalilin ƙarancin na'urar a wannan yanki, da dalilin tsadarta.

Kano aka tura ni. Hoton farko a lokacin ɗari na 2021 aka yi shi. Daga Argungu sai Sakkwato, daga nan Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, har Kano, kuma kowa ya san hanyar nan ba a bari dare ya yi wa mutum a kanta. Na biya kujera biyu a gaba don kafaɗata ba ta jure matsi. Kuɗin hoton ya haura albashina na wata, domin kafaɗu lissafinsu daban, cinyoyi da ƙwauri daban. 'Yan'uwa ne suka haɗa.

Likita ya riga ya gargaɗe ni kada in yi aikin ƙarfi ko doguwar tafiyar ƙasa kwana biyu kafin hoton, domin tsokar da ta sha aiki tana tara ruwa ta yi kama da mai ciwo. Na sauka gidan ɗan'uwa na huta. A cibiyar aka ba ni takarda mai tambayoyi, kuma ina roƙon duk wanda zai je ya amsa su tsakani da Allah: ko akwai batirin zuciya a jikinka, ko an taɓa sa maka ƙarfe a ƙashi, ko kana aikin walda har ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonka, ko akwai harsashi ko ɓaraguzansa a jiki. Wannan ta ƙarshe, a halin da yankinmu yake ciki, ba tambayar wasa ba ce. Maganaɗisun ba ya mutuwa ko da ba a ɗaukar hoto, yana iya fizgo ƙarfe daga nesa. Na cire zobe da agogo da bel, na ajiye waya da makullai da katin banki, na sa rigar asibiti. Ba a yi mini allura ba, ba a kuma hana ni cin abinci ba.

Ma'aikacin hoto ya kwantar da ni rigingine a kan wani siririn gado, ya ɗaure ƙafafuna a miƙe, ya ɗora wani faranti mai nauyi a kan cinyoyina, ya toshe mini kunne, ya ba ni wata 'yar roba a hannu. "Malam, in ka ji ba za ka iya ba, matsa wannan, ina jin ka. Amma don Allah ko yatsa kada ka motsa." Gadon ya zarce da ni cikin ramin. Ƙarar tana da yawa, bugu ne iri-iri, wani ya yi 'yan mintuna ya tsaya wani ya ɗauka. Babu zafi ko kaɗan, sai ɗan ɗumi. Lokacin ƙafafu kaina yana kusa da bakin rami, ban damu ba. Na kafaɗu ne ya fi nauyi, rufin yana dab da fuska, ga idanun da ba sa rufewa da kyau suna bushewa da iskar da ke kaɗawa a ciki. Na riƙe salati a zuci, ba tare da lissafi da yatsu ba. Duka bai kai awa ɗaya da rabi ba. Aka ba ni faifai da rahoto a ambulan.

A Sakkwato likitana ya sa faifan a kwamfuta, ya juyo da ita gabana. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga an datse cinyar sa gida biyu zai gane hoton nan take: ƙashi a tsakiya, nama kewaye da shi ɓangare-ɓangare, kitse a gefe ƙarƙashin fata. A hoto iri na farko tsoka mai lafiya toka-toka take fitowa, kitse kuma fari tas. Cinyata ta hagu kusan duka toka ce. A ta dama, ɗaya daga tsokokin baya ta zama fara fat, siffarta tana nan, girmanta yana nan, amma babu nama a ciki. Wannan ne abin da ya fi girgiza ni. Daga waje cinyar ba ta rame ba, ban taɓa zargin ta ba, ashe kitse ya maye gurbin tsokar tun ban sani ba. A kafaɗu, tsokar da ke ɗaure allon kafaɗa da haƙarƙari ta tafi a dama, ta saman gadon baya ma haka, amma ta kan kafaɗa mai ɗaga hannu tana nan da ƙarfinta. Shi ya sa idan wani ya danne mini allon kafaɗa da tafinsa hannun yake ɗagawa sama. Mai ɗagawar tana nan, madogararta ce babu.

Kowace tsoka an ba ta maki daga 0 zuwa 4, bisa ma'aunin da ake jinginawa ga wani likitan Italiya, Eugenio Mercuri: 0 lafiya lau, 4 kitse zalla. Da ido ake kimantawa. Ni mai son lamba ne, na tambaya ko ba a iya faɗin kashi nawa cikin ɗari. Ya ce ana iyawa, da wata dabara da wani masani mai suna Dixon ya fito da ita a 1984, wadda ke raba ruwa da kitse a kowane ɗigo na hoton, kuma da ita masu bincike suke aiki don tana kama ɗan ƙaramin sauyin da ido ba ya gani.

Sai ya buɗe hoto iri na biyu, wanda a cikinsa ake dushe kitse ya koma baƙi, ruwa ne kawai ke haske. A nan tsokar gaban ƙwaurina na hagu, mai ɗaga tafin ƙafa, tana walƙiya, alhali a hoton farko ba ta da kitse ko kaɗan, kuma ni ban ji komai a ƙafar ba. Ya ce hasken nan alamar ciwon yana aiki a wurin yanzu, kuma tsokar da ta yi haka ta fi saura yiwuwar komawa kitse nan gaba. Ba dole ba ne, wata takan lafa. Amma wadda ta riga ta zama kitse ba ta dawowa. Na fita daga ofishin da nauyi a zuciya. Na yi kwanaki ina taɓa ƙwaurin nan ina jin sa garau, ina tuna abin da na gani.

Hoto ɗaya dai labarin rana ɗaya yake bayarwa. Amfanin gaske sai an ajiye na biyu kusa da na farko, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Da lokaci ya yi a 2023, wani aboki ya nuna mini wata cibiya mafi kusa kuma mafi sauƙi. Likitana ya hana. Ya ce na'urarsu ba ta kai ƙarfin waccan ba, kuma in aka sauya na'ura, ko aka yanka hoton daga wani wuri daban na cinya, ba za a san ko ciwon ne ya motsa ko awon ne ya sauya ba. A wannan ciwo kitse ba ya bazuwa daidai a tsawon tsoka, a ƙafa yakan fara daga ƙasa ya hauro, don haka yankan da aka yi kusa da gwiwa da wanda aka yi kusa da ƙugu labari biyu za su bayar a tsoka ɗaya. Ya rubuta a takarda cewa a maimaita daidai yadda aka yi a baya, ya ce in tafi da tsohon faifan in damƙa wa ma'aikacin hoto kafin in kwanta. Faifai yana karcewa, zafin Argungu ma ba ya barin sa, saboda haka na kwafe shi a filashi da kuma imel. Rahoton takarda kaɗai ba ya wadatarwa, hotunan ne ake gwadawa.

Da aka jera su biyu, tsokar gaban ƙwaurin hagu ta tashi daga 0 zuwa 2, farin ya fara daga wajen idon sawu. Wata a kafaɗar hagu da ta ɗan yi haske a baya ta lafa ba ta yi kitse ba. Tsokoki huɗun gaban cinya, masu miƙe gwiwa, waɗanda da su ake tashi daga sujada a hau matakala, ba abin da ya taɓa su a ƙafa biyun. Na yi hamdala da gaske, domin su nake tsoro. Kusan mutum 1 cikin 5 masu wannan ciwo yakan kai ga keken guragu, kuma hoton ya nuna ni ban kama wannan hanya ba tukuna.

Gargaɗin shekara biyu da hoton farko ya ba ni ya yi amfani. Tun kafin silifa ya fara zamewa daga ƙafar hagu, na riga na je sashen gashin ƙashi, an auna mini wani takalmin roba mai riƙe idon sawu da ake sawa cikin sawu-ciki. Na sauya mashin zuwa mai giyar da ake takawa da dunduniya. Da na tashi gyaran gida na sa an rage dokin ƙofa, an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. A makaranta na roƙi a sauko mini da allo. Likita ya hana ni ƙwayoyin kemis ɗin nan, ya ce an gwada irinsu a wannan ciwo ba su ƙara ƙarfi ba, sai illa. Ya kuma hana ni zama wuri ɗaya, saɓanin abin da 'yan'uwa ke cewa na in huta. Wani bincike a Holan da aka buga a 2016, wanda shi ma da hoton maganaɗisu aka auna, ya nuna kitse ya rage saurin shiga tsokar cinyar marasa lafiyar da suka riƙa motsa jiki. Don haka nake tuka keke bayan la'asar a hanya mai laushi, ba tare da kai kaina ga galabaita ba.

Ina bin labarin magani. An sa rai sosai a kan wani mai suna losmapimod, wanda a gwajinsa ma an yi amfani da irin wannan hoto, amma a watan Satumban 2024 kamfanin Fulcrum na Amurka ya sanar cewa a babban gwaji bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Na ji zafin labarin. Ana ci gaba da gwada wasu masu neman rufe bakin DUX4 kai tsaye, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ranar da ya samu, tsokar da ke da rai ita zai ceta, kuma hotunan nan su za su nuna wacce ce.

Maganar yara ita ce mafi nauyi a gidanmu. Uwargida ta tare ni da ita tun dawowar farko: "Malam, mi likita yac ce game da yaran ga?" Na gaya mata yadda aka gaya mini. Ciwon nan ba auren zumunta ke kawo shi ba, kamar yadda wasu dangi suka fara raɗawa. Daga mahaifi ɗaya kawai yake bi, uwa ko uba, kuma kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Wanda ya ɗauka ma yana iya yin rayuwa irin ta mahaifina, da ɗan rauni kawai. Ta so a kai su Kano duka a ɗauke su hoto. Likita ya ce yaron da ba ya da wata alama a bar shi, hoto mai kyau yau ba ya wanke shi, kuma ba abin da za a yi masa daban in an sani, in ya girma ya zaɓa da kansa. Wanda ya nuna alama tun yana ƙarami shi ake gaggauta kawowa, a duba masa har da ji da bayan ido, don ciwon da ya fara da wuri yakan taɓa su.

Ƙanena dai, wanda shi ma ba ya iya fito, ya yarda zai je Sakkwato bayan an gama girbin shinkafa. Ni kuma na shiga adashi da abokan aiki don hoto na gaba, a na'urar nan dai ta Kano, kuma likita ya ce wannan karon a haɗa da tsokokin ciki da na gadon baya, saboda ƙugu ya fara yi mini ciwo idan na daɗe a tsaye a aji.